Ɓerayen Kulu da Ranar da Inna ta Ɓata

Ranar addu'ar ukun mahaifiyarku ina zaune a zaure, na ji wani cikin masu gaisuwa yana ce wa na kusa da shi, a hankali, wai Allah ya jiƙan Malama Kulu, mace ce mai kirki, sai dai ta ƙare rayuwarta tana kiwon ɓeraye, har ɗalibanta sun zama furofesoshi ita ba ta zama ba. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma na ga kai Aminu ka ji, ka sunkuyar da kai. Na kuma san tun kuna ƙanana wata magana ta shiga kunnuwanku game da ɓerayen nan da ciwon kakarku Inna, maganar da ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya warware muku. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin daga farko har ƙarshe. Saboda haka zan ajiye labarin makarantun da na koyar, in tsaya a kan shekara guda.

Na auri mahaifiyarku a shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ina ƙaramin malamin sakandare a nan Jega, ita kuma ba ta daɗe da gama tata sakandaren ba. Tun a farkon zama ta gaya mini tana son ta ci gaba da karatu. Na amince, amma amincewata ba ita ta ɗauki nauyin ba. Wadda ta ɗauka ita ce mahaifiyata, Inna. Da aka haifi Aminu, ga karatu a Sakkwato ya taso, sai Inna ta rufe ɗakinta a Maiyama, inda take zaune tun bayan rasuwar mahaifinmu, ta ɗauro kayanta ta zo gidanmu na unguwar Jega Magaji. Ta ce wa surukarta ta tafi ta yi bokonta, yara ba su gagare ta ba. Ita ta goya ku duka, ɗaya bayan ɗaya. Ku manyan kun san Inna a lokacin da take Inna. Mace ce da ta riƙe asalin kowa a kanta. In baƙo ya zo daga Maiyama ya faɗi sunan ubansa, sai ta ɗauko masa kakansa da matan kakansa da gonar da aka yi rigima a kanta kafin a haife shi. Mutane sukan zo takanas su tambaye ta ko akwai shan nono tsakanin wane da wance kafin a ɗaura aure.

Da aka buɗe jami'a a Aliero, mahaifiyarku na cikin waɗanda aka fara ɗauka. A lokacin gine-gine kaɗan ne a tsakiyar fili, in ka tsaya a ƙofar aji kana hango rumbunan albasa. Tana koyarwa, tana kuma yin digirinta na ƙarshe a ƙarƙashin wani dattijon malami a Sakkwato. Aka ba ta wani ɗan ɗaki a ƙarshen gini. Wani mai walda a bakin tashar Jega ya ƙera mata kejina, aka kawo mata ɓeraye daga nesa, farare tas masu jajayen idanu, ba irin namu na rumbu ba. Ranar da na fara ganinsu na tambaye ta abin da mace mai 'ya'ya huɗu za ta yi da ɓera, abin da kowa ke neman maganinsa a kasuwa. Muna zaune a tsakar gida da yamma tana yanka alayyafo.

“Malam, ka san yadda mata ka jeruwa daga bakin rijiya in ana aikin gini, wagga ta miƙa ma wagga tulu?” in ji ta. “Haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suke. Saƙo hannu da hannu yake tahiya. Daidai inda hannu ka haɗuwa da hannu, akwai wani sinadari da muke ce ma furotin. In tsufa ya zo, wani irinsa shina raguwa, wani iri kuma shina taruwa kamar shara a kwata. Ni so nike in ga wane ka fara canzawa, kuma yaushe.”

Na ce to me ya haɗa wannan da ɓera.

“Ɓera shekara biyu ya tsufa. Abin da zan jira shekara saba'in in gani ga mutum, shi zai nuna mani kafin ɗiyarmu Hadiza ta gama firamare.”

Ta bayyana mini cewa za ta rene su tun suna jarirai har su tsufa, tana gwada ƙwaƙwalwarsu a kai a kai. A ƙarshe za ta ciro ƙwaƙwalen, ta daskarar da su, ta zuba musu wani ruwa na musamman mai kama furotin iri guda kaɗai ya rina shi, yadda za a gan shi a auna yawansa. Gwajin ƙwaƙwalwar kuwa kun gani da idonku. Baho ne babba cike da ruwan da aka kaɗa wa garin madara ya yi fari, da wani ɗan dandamali ɓoye a ƙarƙashin ruwan. Saurayin ɓera in ya taka dandamalin yau, gobe kai tsaye zai nufe shi. Tsoho kuwa sai ya yi ta kewaya bakin baho kamar bai taɓa shiga ba. Tana tsamo shi, ta goge shi da tawul, ta riƙe shi a tafin hannu har ya daina rawar sanyi. Ban taɓa ganin ta ɗauki ɗaya da gaggawa ba. In aka yi dogon hutu, ruwa ya yanke a makaranta, ko zafi ya yi yawa, sai ta kwaso kejinan a mota ta kawo su ɗakin baƙinmu na gida, ta rataya jiƙaƙƙun buhuna a taga. Wannan kawowar ce ta jawo maganar da kuka ji.

Domin a daidai wannan lokaci ne Inna ta fara canzawa. Da farko ƙananan abubuwa ne: ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta idar da la'asar ta sake tayar da ita. Muka ce tsufa ne. Sannan ta fara tambayar ko mahaifinmu ya dawo daga gona, mutumin da ya yi shekaru a kabari. Wani baƙo ya zo daga Maiyama ya durƙusa ya faɗi sunan ubansa, ta dube shi ta yi murmushi kawai, ba ta ɗauko masa kakansa ba. A ranar na ga mahaifiyarku ta tashi ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba. Bayan 'yan watanni na shigo gida daga makaranta, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta matsa bayan surukarta.

“Dije, wane na wanga namiji da ka shigo muna gida ba sallama?”

Dije ƙanwarta ce da ta rasu tun suna 'yan mata. Daga ranar mahaifiyarku ta zama Dije, ni kuma na zama baƙo a wurin wadda ta haife ni. Ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai na surukarta, ba ta yarda kowa ya yi mata wanka sai ita. Mahaifiyarku ba ta taɓa gyara mata sunan ba. Mun kai ta asibiti a Sakkwato, likita ya gaya mana abin da mahaifiyarku ta riga ta sani, cewa ciwon mantuwa ne na tsufa, ba shi da maganin warkewa, sai kulawa. Muka haɗa da addu'a da rubutu, kuma ita da kanta take ba ta a baki.

Gwaggonku Abu, yayata, tana aure a wata unguwa a nan Jega, kullum tana zuwa. Ku yi mata adalci: uwarta ce take narkewa a gaban idonta, kuma ba ta taɓa ganin irin wannan ciwo ba. Wata rana ta leƙa ɗakin baƙi ta ga jajayen idanu suna kallonta daga cikin keji. Ta fito ta same ni a zaure, ta yi maganar da ƙarfi yadda za a ji a cikin gida.

“Sani, tun da anka kawo kusan nan gidan ga Inna tat tashi daga hankalinta. Halittar da ba ta daji ba, ba ta gida ba. Kai malami na, amma ba ka gani?”

Kusa, ai kun sani, shi ne ɓeraye a bakinmu na nan. Na ce mata Inna ta fara mantuwa tun kafin a kawo su gida. Ba ta saurare ni ba. Mahaifiyarku ta fito ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, “Yaya Abu, gobe in Allah ya so zan maida su.” Ta mayar da su kuwa, cikin tsakiyar hutu, ta koma tafiya Aliero kullum da jarkokin ruwa. Amma magana ta riga ta fita. Ta bi gidajen suna da na biki, har ta kai ana cewa matar Malam Sani tana gwada maganin Turawa a kan uwar mijinta. Ta ji, ta ci gaba da aikinta.

Ɓerayen suka tsufa a bazarar shekarar da nake ba ku labari. Gashinsu ya yi ƙwas-ƙwas, bayansu ya rankwafa, wasu sun mutu da kansu. Ta yi aikin da ya kamata, ta ciro ƙwaƙwalen ta jera a ƙananan kwalabe cikin firiza, tare da na samarin da ta ajiye tun farko don kwatantawa. Aikin shekara biyu ke nan cikin abin da bai cika kwando ba. Saura aunawa, wadda sai a Sakkwato ake da na'urarta. Malaminta ya kuma gaya mata cewa in sakamakon ya fito kafin damina, akwai wani wuri a ƙasar waje da suka yarda ta je ta ƙarasa bincike a ɗakinsu. Abin da ake bukata kawai shi ne kwalaben nan kada su narke ko sau ɗaya. In suka narke, furotin ɗin ya lalace, ba mai gyara shi.

Sai wuta ta ɗauke a Aliero kwana da kwanaki, janareta kuma ya tsaya ana jiran kayan gyara. Ta ga firiza ta fara zufa. Ranar kasuwar Jega ce, ta fita da sassafe ta sayi ƙanƙara, ta wuce makaranta ta shirya kwalaben cikin kula, ta nufi tashar Aliero don ta kai su Sakkwato da hannunta kafin rana ta yi tsaka. Ni kuma ina aji aka aiko daga gida cewa ba a ga Inna ba. Yarinyar da ke zama da ita ta shiga wanka, ta fito ta tarar da ƙofa a buɗe. Na bi unguwa, na bi masallatai, na kutsa kasuwa ta wajen 'yan hatsi har kara, ga mutane kamar ƙasa, ga babura, ga ƙarar awaki. A tasha wani ɗan kamasho ya ce ya ga wata tsohuwa ba takalmi ta shiga motar Maiyama, ta ce za ta gidan babanta, wani fasinja ya ji tausayinta ya sa aka ɗauke ta.

A lokacin wayar hannu ta riga ta shigo, muna da ita ni da mahaifiyarku. Na yi ta juya wayar a hannu kafin in kira. Na san inda take da abin da ke kan cinyarta. Amma na san in na ɓoye mata ba za ta yafe mini ba. Ta ɗaga wayar, ina jin ana kiran Sakkwato, Sakkwato, saura mutum ɗaya.

“Malama, Inna ta hita, an ce ta shiga motar Maiyama. Ki wuce abinki, ni zan bi ta. Na kira ne don ki sani kawai.”

Ina jin injin mota yana aiki.

“In ka same ta, mi za ka yi?” in ji ta. “Ba ta san ka ba, Malam. In ka kama hannunta ihu za ta yi, mutane su taru. Ka jira ni a tashar Jega.”

Na ce kwalaben fa?

“Ka jira ni.”

Daga baya ta gaya mini abin da ta yi. Ta sauko, ta miƙa wa direban kular, ta rubuta masa sunan malaminta da inda zai same shi, ta roƙe shi da girman Allah kada ya sa ta a rana, kada ya tsaya a hanya. Direban bai san abin da ke ciki ba, ya ɗauka allurar rigakafi ce. Ya cusa kular a but ɗin motar tsakanin buhunan albasa. Ta tsaya ta ga motar ta hau titi ta yi arewa, ita kuma ta tsallaka ta tari ta Jega.

Muka isa Maiyama rana ta take. Ba mu sha wahalar nema ba, domin tun daga bakin titi muka ga yara suna gudu wuri guda. Gidan kakanmu na wajen uwa ne, inda aka haifi Inna, wanda ya daɗe da komawa hannun wasu mutane da ba su san mu ba. Ƙofar gidan cike take da maza, wasu samari riƙe da sanduna, ɗaya da rabin bulo a hannu. Na ji kalmar tana yawo daga baki zuwa baki: mayya. Abin da ya faru shi ne, Inna ta shiga gidan kai tsaye kamar wadda ta fita jiya, ta tarar da jinjiri kwance a tabarma a inuwa, uwarsa tana daka. Yaron kuwa kwana biyu yana zazzaɓi. Ta ɗauke shi ta rungume, ta zauna a gindin bango, ta ƙi sakinsa. Uwar ta juyo ta ga baƙuwar tsohuwa, ƙafafu duk ƙura, kai ba ɗankwali, riƙe da ɗanta marar lafiya tana yi masa magana a kunne. Ku sa kanku a matsayinta.

Na fara rantsuwa ina cewa uwata ce, ba wanda ya saurare ni, wani ma ya ture ni. Mahaifiyarku kuwa ta nufi gidan kai tsaye. Ta cire takalmanta a ƙofar gida, ta yi sallama, ta ratsa matan da suka yi da'ira. Na bi bayanta har bakin zaure, daga nan nake hangowa. Uwar yaron tana kuka, mata biyu sun riƙe ta. Inna ta ƙanƙame jinjirin, idanunta sun firfito, tana kallon fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyarku ta je ta zauna a ƙasa kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, ta miƙe ƙafafu kamar wadda ta zo hira. Ta kwance ɗankwalinta daga ƙarƙashin mayafi ta ɗaura wa Inna.

“Dije,” in ji Inna, “ina kinka tahi? Mutanen ga suna son su amshe mani Sani.”

Ni ke nan. Ina tsaye da furfura a gemu, ita kuma tana rungume da ni a zaninta.

“Ba mai amshe shi,” in ji mahaifiyarku. “Amma ji jikinai da zahi. Kin ga yunwa yaka ji. Kawo shi in kai a ba shi nono, ke ki huta, kin sha tahiya.”

Inna ta taɓa goshin yaron da bayan hannu, yadda ta sha taɓa naku. Ta ce lallai da zafi, a jiƙa tsumma a goga masa. Sannan ta miƙa shi. Mahaifiyarku ta karɓa da hannu biyu, ta tashi ta kai wa uwarsa, ta durƙusa a gabanta ta ba ta haƙuri, ta ce a kai shi asibiti yau, kada a kwana. Ta dawo ta kama hannun Inna suka fito.

A ƙofar gida ne na ji tsoro na gaske, domin samarin ba su watse ba. Mahaifiyarku mace ce da ba ta ɗaga murya ko a aji. Ta tsaya, Inna na maƙale da mayafinta, ta dubi wani dattijo da ke gefe da carbi, ta gaishe shi, ta yi magana da shi kamar su biyu ne kaɗai a wurin.

“Baba, wagga baiwar Allah cikin gidan ga anka haihe ta. Ba mayya ba ta, ba kuma mahaukaciya ba. Ciwo na, cikin ƙwaƙwalwa, kamar yadda ido ka yin yana in an tsufa. Abin jiya ya goge, na ƙuruciya ya rage. Gida ta zo. Ba ta san an sai da shi ba.”

Dattijon ya matso ya ƙura wa Inna ido. Ya tambayi sunan mahaifinta, na faɗa masa. Sai ya dafe baki. Ya ce wannan ai ita ce ta warware asalin gidansu lokacin da aka so hana shi auren uwar 'ya'yansa. Ya juya ya ce wa mai bulo ya ajiye, ya ji kunya. Wata tsohuwa daga maƙwabta ta kawo takalma, wata ta kawo fura. Inna ta sha, ta ce furar ba ta ji yaji ba. Muka dawo Jega tana barci a kafaɗar mahaifiyarku, ita kuma tana kallon taga. Ba ta taɓa wayarta ba har muka iso.

Washegari da hantsi malaminta ya kira. Motar ta lalace a wajen Tambuwal, suka yini a gefen titi. Direban ya riƙe amana, ya kawo kular har ƙofar ofis, amma sai da safe. Da aka buɗe, kwalaben suna yawo cikin ruwan ɗumi. Tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu ta saurara har ya gama. Ta ce, “To, Baba. Na gode. Allah ya sa haka shi ne alheri.” Ta ajiye wayar, ta ƙarasa dama kunun Inna, ta ba ta a baki har ta ƙoshi. Sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na ji kukanta ta bango. Sau biyu kawai na taɓa jin irinsa a zamanmu, ɗayan ranar rasuwar mahaifinta ne. Da ta fito na ce mata da ban kira ta ba. Ta ce da ban kira ta ba, da yanzu muna zaman makoki, kuma kada in sake faɗin haka.

Abin da ta rasa ba kaɗan ba ne, kuma ba na son ku raina shi. Tafiya ƙasar waje ta wuce, aka ba wani. Digirin da ya rage mata watanni ya koma shekaru. Waɗanda aka ɗauka tare da ita suka wuce ta, kuma a aikin jami'a wanda ya wuce ka a wannan gaɓa da wuya ka sake kamo shi. Wasu abokan aikinta suka ba ta shawara ta canza bincike, ta ɗauki wani abu mai sauri da za a gama cikin wata shida. Akwai ma wanda ya ce mata ai ta san abin da za ta samu, ta rubuta kawai, wa zai tono? Ta dawo gida ranar ranta a ɓace, ta ce ita ba ta ga komai ba tukuna, me za ta rubuta? Kafin ruwan farko ya sauka ta aika aka kawo sababbin ɓeraye, 'yan jarirai jajaye kamar ɗanyen nama, ta sake farawa daga ranar farko.

Bari in tsallaka gaba kaɗan. Wannan zubi na biyu ya kai ga gaci. Ta kira ni Aliero wata rana ta zaunar da ni gaban madubin likita, ta sa gilashi biyu ɗaya bayan ɗaya. Na saurayin ɓera cike yake da ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, kamar an watsa gero a faranti. Na tsohon kuwa ɗai-ɗai ne, da fili tsakaninsu. Ta ce waɗannan su ne wuraren da hannu ke haɗuwa da hannu, kuma a ɓerayenta sun fara raguwa tun kafin ɓeran ya fara ɓata a baho. Na tambaye ta ko wannan magani ne. Ta ce a'a, bulo ɗaya ne, wasu za su ɗora. Ba ta taɓa yarda a kira abin da ta yi da sunan da ya fi shi girma ba. Amma tun daga ranar Maiyama mutane suka fara sallama a gidanmu, daga Maiyama, daga Aliero, daga rugage, kowa da labarin tsohonsa da ya fara ɓata hanya. Takan gaya musu ita ba likitar asibiti ba ce, ta tura su can. Sannan ta zauna da matan gidan ta koya musu: kada a ɗaure, kada a yi gardama da shi, a sa sakata sama inda hannu ba ya kaiwa, a gaya wa maƙwabta tun da wuri. Na san tsofaffi da dama da suka mutu a kan gadonsu cikin mutunci saboda wannan zama.

Inna ba ta ga wannan ba. Ta rasu a ƙarshen daminar shekarar da ta ɓata, da safe, bayan ta sha kunu. Gwaggonku Abu ba ta je Maiyama tare da mu ba, amma labari ya same ta tun a ranar, kuma daga bakin mutanen can, ba daga namu ba. Ta ci gaba da zuwa kullum, gaisuwa kawai ke haɗa ta da mahaifiyarku. Ranar rasuwar mata suka cika gida, aka ɗora ruwa, aka kawo likkafani. Abu ce babbar 'ya, ita ce da haƙƙin wanka, tare da wata gwaggonmu da ta zo daga Maiyama. Mahaifiyarku ta haɗa musu komai, sabulu da turare da ƙwarya, ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma cikin surukai ta zauna a inda al'ada ta ajiye ta. Na shigo karɓar tabarmi don masu gaisuwa, shi ya sa na gani da idona. Abu ta ɗaga labule za ta shiga, sai ta tsaya. Ta juyo ta ratsa matan nan har inda mahaifiyarku take, ta miƙa mata ƙwaryar.

“Tashi, Kulu,” in ji ta. “Ba ta yarda da hannun kowa ba sai naki. Ba yau za mu canza mata ba.”

Mahaifiyarku ta tashi ta karɓa. Abu ta riƙe mata labule, suka shiga tare.